Ajin intanet da ɗaliban ƙasar waje: fahimtar juna ce ko ƙona data?

Abba_Dorayi
Assalamu alaikum mutanen gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu shiga wannan harkar. An sanar da mu 'yan aji uku a sashenmu cewa wannan zangon za a haɗa wani kwas ɗinmu da na wata jami'a a Amurka. Sau ɗaya a mako za a riƙa haɗuwa ta Zoom, sannan a rarraba mu rukuni-rukuni, mu uku su uku, mu yi aiki tare. Malamin ya ce manufar ita ce mu san al'adunsu su san namu. Ni kuwa a ganina ba a sanin mutum ta gilashin waya. Sai kun zauna, ka ga fushinsa, ka ga yadda yake yi idan kuɗi ya shiga tsakani. Wanda ya kunna kamara ya yi maka murmushin awa guda ya kashe, me ka sani a kansa? Shiga dai ba dole ba ce. In ba da sunana ko in adana datata?

Sadiya_Gwale
Wa alaikumus salam. Ka ba da sunanka kawai. Ko ba komai bakinka zai saki da Turanci.

Injiniya_Kabuga
Kafin a kai ga al'ada a fara maganar caji. Wa zai sayi datar? Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, ɗalibin da har kuɗin mota a gida ake ba shi ba zai iya zaman bidiyo duk mako ba. Zoom da kamara a kunne ba ƙaramin ci yake yi ba. Ga wuta. Su can suna zaune a ɗakin karatu da intanet ɗin makaranta, kai kana rakuɓe a shagon mai caji, janareto na ruri a bayanka. Tun ba a buɗe baki ba an riga an bambanta.

Maman_Sultan
Abba, ni na yi irinsa lokacin ina digiri na biyu, da wata jami'a a Jamus, kuma ba zan ce maka ɓata lokaci ba ne. Sai dai ba a zaman Zoom ɗin na samu abin da na samu ba. A nan kowa ɗari-ɗari yake yi, malamai biyu na kallo, kowa na tauna magana kafin ya furta.

Abin ya kankama ne da aka ba rukuninmu aiki: mu kwatanta yadda ake samun ruwan sha a unguwannin da muke zaune. Na ɗauko hotunan 'yan garuwa da kurarsu a layinmu, na yi musu lissafin abin da gida mai yawa yake kashewa a jarkoki a wata. Wata yarinya a cikinsu ta ɗauka wani ƙauye ne can nesa. Da na ce mata cikin birni ne mai miliyoyin mutane, kuma a layin nan akwai likita akwai lauya, sai tambayoyi suka ɓarke. Ni ma na samu ƙofar yin nawa. Ashe biyu daga cikinsu wanke-wanke suke yi a gidan abinci da dare don su biya kuɗin ɗaki. Ɗaya kuma kakarta na gidan kula da tsofaffi. Mu nan da an ce Turawa na kai iyayensu gidan tsofaffi, rashin imani kawai ake kawowa. Wannan yarinyar duk Lahadi sai ta hau jirgin ƙasa ta je ta yanke wa tsohuwar farce, ta taje mata kai. Har yanzu ban yarda da tsarin ba, kuma na gaya mata haka, amma na daina jin su a matsayin dunƙule ɗaya.

Duk wannan a WhatsApp ɗin rukuni aka yi shi, da saƙon murya, yawanci bayan na kwantar da yara.

Abba_Dorayi
To Anti ai kin dawo kan maganata. Ba ajin ba ne, hirar gefe ce.

Maman_Sultan
Da babu ajin a ina zan samo lambarsu?

Dakta_MB
Bari in saka baki, tunda ina cikin masu koyarwa. Abin da ake shirin yi da su Abba yana da suna, ana ce masa COIL. Jami'ar jihar New York ce ta buɗe masa cibiya a 2006, daga nan ya bazu. Tsarinsa shi ne malamai biyu daga jami'o'i biyu su zauna su tsara wani yanki na kwas tare. Kowane ɗalibi yana nan a makarantarsa, malaminsa ne zai ba shi maki, ba ya biyan ɗaya jami'ar ko sisi. Akwai wani salon daban irin na ƙungiyar Soliya da aka kafa a 2003, wanda shi ba kwas ba ne, tattaunawa ce a ƙananan rukunai tsakanin matasan ƙasashen Yamma da na ƙasashen Musulmi, da mai jagora da aka horar. Tarayyar Turai ma ta gwada nata a ƙarƙashin shirinta na musayar ɗalibai, Erasmus, daga 2018 zuwa 2020.

Maganar Abba da ta Injiniya duk suna da tushe a ilimi. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Gordon Allport, ya ce haɗa mutane kawai ba ya kawar da ƙyamar juna. Sai an cika sharuɗɗa: su haɗu a matsayi ɗaya, su kasance da buri ɗaya, su yi aiki da haɗin kai ba gasa ba, kuma hukumar da ke sama ta mara wa abin baya. Ku duba labarin Maman Sultan, aikin ruwan nan shi ne burin da ya haɗa su. Ku duba ƙorafin Injiniya, sharaɗin farko ne yake cewa ba a cika ba. Idan ɗalibinmu kullum shi ne mai katsewar layi, shi ne ake cewa ya maimaita, a ƙarshen zango yaran can za su tafi da tunanin da suka zo da shi, har da ƙari.

Abin da ya fi ba mu wahala mu malamai ma ba data ba ce, kalanda ce. Su zangonsu a kafe yake shekara da shekaru. Mu kuwa a 2020 yajin aikin ASUU ya ci wata tara, a 2022 aka rufe daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Abokin aikinka na can ba zai dakatar da ajinsa ya jira ka ba.

Ɗan_Kurna
Allah ya gafarta Malam, an faɗi tsari amma ba a faɗi mai biya ba. Akwai shirin da ake kira Stevens Initiative, an kafa shi a 2015 da sunan jakadan Amurka da aka kashe a Bengazi a 2012, kuma har da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka aka kafa shi. Aikinsa ke nan, haɗa matasansu da na ƙasashen Larabawa ta intanet. Gwamnati ba ta zuba kuɗi don Allah. Su suke zaɓar maudu'i, da harshensu ake yi, a manhajarsu ake yi. Wa ake so ya fahimci wa? Ni ina ganin mu ake so mu sauko.

Dakta_MB
Ɗan Kurna, ban musa maka cewa gwamnatoci na da muradinsu ba. Amma ka raba biyu. Wanda ƙungiya ta kawo da kuɗinta daban, wanda malami da malami suka ƙulla daban. A na biyun, idan malaminmu ya zauna aka miƙo masa jadawali ya sa hannu, laifinsa ne. Ni da na yi, rabin abin karantawa daga marubutanmu na ɗauko, na ce in ba haka ba a fasa. Ba a fasa ba.

Ɗan_Kurna
Malamai nawa ne za su iya cewa a fasa, alhali ana hango gayyatar taro a waje?

Sadiya_Gwale
Kai Ɗan Kurna ba ka da dama wallahi.

Abu_Ammar
Sanin juna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta bayyana cewa an sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna. Abin da zan ja hankalin Abba a kai shi ne lokaci. Ƙanena ya yi irin wannan, aka sa zaman ƙarfe ɗaya na rana agogon New York, wanda ya faɗo daidai magariba a nan. Yaran suka yi ta jin nauyin magana, wasu na haɗa salla ba dalili. Ku faɗa tun ranar farko. Wanda ya zo koyon al'adarka, ai wannan shi ne darasin farko.

Injiniya_Kabuga
Ƙarin bayani kan maganar Ustaz: tazarar ba ɗaya ba ce duk shekara. Su suna juya agogonsu a Maris da Nuwamba, mu ba ma juyawa. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba awa biyar ce tsakaninmu da New York, sauran watannin awa shida. Zaman da aka fara ƙarfe shida na yamma a Oktoba zai koma bakwai a Nuwamba ba tare da kowa ya sanar da kai ba. Abba ka tambayi malaminku ko ya lura da wannan.

Nedu_SabonGari
Ku yi haƙuri in kawo wata magana. A Sabon Gari aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, Hausa ta fi Ibo zama a bakina. Da na tafi jami'a a kudu, abokan ajina tambayata suke yi wai da gaske ina fita kasuwa a Kano ba a taɓa ni? Da na dawo hutu, abokaina na nan suna tambayata wai da gaske a can ba a sayar wa Bahaushe ruwa? Duka ɓangarorin a Facebook suka san juna, kuma a Facebook mafi munin labari shi ke tafiya.

Shi ya sa nake mamaki. Ana tsallake Nsukka da Ibadan da Fatakwal ana neman Amurka. Ɗalibin Kano da ɗalibin Nsukka agogonsu ɗaya, kuɗin datarsu ɗaya, wutarsu ɗaya ce take ɗaukewa, idan ASUU ta tafi yaji tare za su zauna a gida. Sharaɗin da Dakta ya ce na matsayi ɗaya, ga shi a kyauta. Kuma rashin fahimtar da ke tsakaninsu ita ce take cin rayuka, ba ta Amurka ba.

Maman_Sultan
Nedu ka taɓo inda yake ciwo.

Bazazzagi_01
Ai an yi NYSC don wannan tun 1973, zamanin Gowon, bayan yaƙin basasa. Yanzu kowa neman hanya yake a dawo da shi jiharsu. Kanawa ma ko Zariya aka tura su sai sun kawo takardar asibiti.

Abba_Dorayi
Mu je Zariya mu koyi me, tuƙin mota da baki?

Bazazzagi_01
Ka zo ka ga jami'ar da ta haifi taku. BUK kwaleji ce a ƙarƙashin ABU kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Ka gaishe da iyayen gidanka.

Hauwa_Tarauni
Ku bar wasan Kano da Zazzau tukuna, maganar Nedu ba ta wasa ba ce. Iyaye na tsoron hanya, shi ya sa ake gudun bautar ƙasa a nesa, kuma ba za ka ga laifinsu ba. To in jiki ba zai je ba, ajin intanet tsakanin jami'o'in cikin gida ya fi babu.

Amma ina so in faɗi abin da mu mata muke fuskanta, don ba a cika kawo shi ba. Na farko kamara. A gidanmu ɗaki ɗaya muke da ƙannena, babu inda zan zauna ba a gilma ta bayana ba, kuma ba kowa ke cikin shigar da za a nuna wa baƙo ba. Idan na kashe kamara sai malamar can ta rubuta cewa ba na shiga cikin aji sosai. Na biyu, tun da suka ga hijabi na zama mai amsa tambayar duk matan Musulmin duniya. An tilasta miki? Za a bar ki ki yi aiki? Mijinki zai ƙara aure? Ni lissafin kuɗi nake karanta, na zo mu yi aikin da aka ba mu. Ba wanda ya tambayi yaron can dalilin da ya sa ake harbe-harbe a makarantunsu, don an san ba shi ya yi ba. Ni kuwa sai da aka tambaye ni Boko Haram.

Ban ce kar a yi ba. Daga baya ɗaya daga cikinsu ta zama ƙawata, har yau muna gaisawa, ranar sallah ita ke fara turo min saƙo. Amma gajiyar da ke ciki ba a raba ta daidai ba.

Dakta_MB
Hauwa, wannan gazawar masu tsarawa ce. Shi ya sa masu salon tattaunawa suke dagewa sai da mai jagora da ya san aikinsa, wanda zai juya tambayar ta koma kan kowa. Malamin lissafi ko na injiniya bai koyi wannan ba, an dai ba shi Zoom an ce ya haɗa al'adu.

Baffan_Yakasai
'Ya'yana, ina karanta ku ina dariya. Mu a zamaninmu babu gilashin ma. Katin zaɓi sonka muke saya mu aika gidan rediyo, a karanto sunanka da na wanda ka gaisar. Ta haka muka san mutanen Kumasi da Yawunde da Damagaram, daga gaisuwa a rediyo aka koma wasiƙa, daga wasiƙa aka koma ziyara. Akwai wanda muka yi shekaru muna rubutu ban san fuskarsa ba, ranar da ya zo Kano a gidana ya sauka, da ya aurar da 'yarsa na je. Don haka Abba, kar ka raina ƙaramar ƙofa.

Sannan ku 'yan birni kuna zaune a kan abin da kuke nema. Wangarawa sun shigo tun zamanin Sarki Yaji. Kasuwar Kurmi tun Muhammadu Rumfa take tara baƙi. Ayagi ta Yarabawa ce, Tudun Nufawa sunanta ya faɗa, Zangon Barebari haka, Dandalin Turawa Larabawan Tarabulus ne suka zauna. Waɗannan mutanen ba taron fahimtar juna aka kira musu ba. Ciniki ne ya haɗa su, kowa na buƙatar ɗan'uwansa, aka yi amana, aka yi auratayya.

Ɗan_Kurna
Baffa ranka ya daɗe, ai su waɗancan da ƙafarsu suka zo, suka zauna a ƙarƙashin dokar gari, suka koyi Hausa. Wannan kuwa mu ne muke zuwa gidansu ko da muna kan katifarmu.

Baffan_Yakasai
To ku gayyato su naku gidan mana. Wa ya hana?

Malama_Rabi
Baffa ya faɗi abin da nake ta son faɗa. Ni Hausa na karanta. Ana koyar da Hausa a jami'ar Warso ta ƙasar Folan, ana koyarwa a Hambug ta Jamus, ana koyarwa a jami'ar harsunan waje ta Beijin. Ɗaliban nan neman wanda za su yi magana da shi suke yi ido rufe. A haɗa su da 'yan sashen harsunan Najeriya, a yi ajin da Hausa. A nan ɗanmu ne gwani, su ne masu in'ina, su ne za a ce wa su maimaita. Ko sau ɗaya yaranmu su ɗanɗana zama a wancan gefen, su kuma koyi haƙuri da mai koyo.

Issoufou_Damagaram
Salamu alaikum. Ni ɗan Nijar ne, ina karatu nan Kano. Ku tuna da mu kuma. Akwai jami'a a Yamai, akwai a Maraɗi, akwai a Damagaram. Ku kuna karatu da Ingilishi, mu da Faransanci, takardunmu ba sa haɗuwa, amma in an buɗe baki Hausa ɗaya ce. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe iyaka, wata da watanni ba shiga ba fita, 'yan uwa na ta zagin juna a intanet kan ECOWAS. Da akwai aji ɗaya da ya haɗa ɗaliban Kano da na Maraɗi a lokacin, da an samu masu cewa ku tsaya, na san mutanen nan. Matsalarmu ɗaya da taku, rezo da kuran, wato layin waya da wuta.

Injiniya_Kabuga
Ka ga wannan zan iya saya wa data. Kuma ba sai bidiyo ba, saƙon murya da rubutu sun isa, kowa ya saurara lokacin da ya samu caji.

Sadiya_Gwale
Ni fa har yanzu ban ga abin da ya hana a yi duka ba. Don an yi da Maraɗi ba a ce kar a yi da Amurka ba. Kuma a faɗi gaskiya, yawancin masu ba da suna takardar shaidar suke so su saka a neman tallafin karatu.

Abba_Dorayi
Na je na samu malamin yau da tambayoyinku. Ya ce sashe zai buɗe mana ɗakin kwamfuta ranar zaman, akwai sola, don haka maganar data ta ragu, sai dai aikin rukuni da za a yi a gida. Batun juya agogo bai lura ba, ya ce zai rubuta wa abokiyar aikinsa. Da na kawo shawarar Nedu sai ya yi dariya, ya ce ya taɓa nema da wani abokinsa a wata jami'ar kudu, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci saboda babu sunan ƙasar waje a takardar. Maudu'in da za a ba mu wai sharar roba ce a birane. Har yanzu ban gamsu cewa zan san mutum ta haka ba, amma ledar da ta toshe kwatar layinmu na san ta sarai.

Hauwa_Tarauni
In a ɗakin kwamfuta ne da sauƙi. Ka ce masa kuma ya sa maki a kan aikin rukunin, ba a kan yawan surutu a Zoom ba. In ba haka ba masu Turancin makarantar kuɗi za su kwashe komai.

Dakta_MB
A nan ban bi ki gaba ɗaya ba Hauwa. Idan duk makin na kan rahoton ƙarshe, abin da ke faruwa shi ne su raba aikin gida biyu, namu su rubuta rabinsu, nasu su rubuta rabinsu, a manne a daren ƙarshe ba wanda ya yi magana da wani. Na ga haka da idona.

Hauwa_Tarauni
To Malam sai a nemo yadda za a auna magana ba tare da an auna lafazi ba. Ni ban san yadda za a yi ba, amma ku ne malamai.

Nedu_SabonGari
Dakta, in da gaske akwai malamin da zai gwada da kudu, ina da wanda ya koyar da ni a can da nake ganin zai karɓa. Ba sai an jira hukuma ba, ko ajin mutum ashirin ne a fara.

Dakta_MB
Turo min ta akwatin sirri. Amma ka fara tambayarsa yaushe zangonsu na biyu zai fara, don mu namu bai tsaya ba tukuna.